Kan Yumɓun da Ka Tafi Mayarwa

Zuwa ga Yayana, Malam Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan takarda za ta iske ka cikin rahamar Allah a duk inda Ya ajiye ka. Ni ce Binta. Ina nan Kankara, lafiya lau, sai ciwon gwiwa da nauyin shekaru.

Ban san inda zan aika maka da ita ba. Jikata ta ce za ta sa ta a waya inda jama'a ke karatu, ko Allah Ya sa ta faɗa hannun wanda ya san wani abu. Saboda haka ka yi haƙuri in ka ji ina maimaita abin da ka riga ka sani, masu karantawa ba su san mu ba.

Malam Isiya tela ya rasu ranar Talatar da ta wuce. Cikin duk waɗanda suka karanta littafinka, yau ni kaɗai na rage. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa? Gari ya cika da ƙarar guduma, ana sauke jinka ana buga kwano. Kowane malamin makaranta ya yi babur da rediyo mai cin kaset. Kai ma ka sayi jan babur ɗinka. Kana koyarwa a Sheme, ranar Juma'a da yamma ka biyo ta 'Yargoje ka zo gida, Lahadi ka koma. Ni kuma lokacin aka ɗauke ni koyarwa a firamare ta cikin gari, ina zaune da Inna, don Baba ya riga ya rasu. Abokanka na sayen agogo da takalma masu tudu, kai kuwa ka sayo littattafan rubutu guda shida masu shuɗin bango, ka ce labari za ka rubuta wanda zai hana mutum ajiye shi ko tuwo na hucewa.

Ba ka taɓa raɗa masa suna ba. Littafin Malam Lawal, haka kowa ke ce masa. Labarin Hamza ne, ɗan leƙen asirin gwamnati, wanda ya ɓad da kama ya shiga cikin leburorin wani Bature mai haƙar kayan tarihi a wani kufai. A fili Baturen tsofaffin tukwane da kawunan yumɓu yake nema. A ɓoye kuwa, cikin kawunan yake cusa takardun asirin ƙasa yana fitar da su waje. Akwai harbi, akwai tseren mota, akwai guba a cikin shayi. A ƙarshen kowane littafi ka bar shafi huɗu fari, ka rubuta a samansu: Mai karatu, faɗi gaskiya.

Garba direba ne masinjanka. Motarsa ta fasinja na zirga-zirga tsakanin Kankara da Sheme da Faskari, littafin na naɗe cikin tsumma a aljihun gaban mota. In ka gama ɗaya, ni nake fara karantawa, sai shagon Malam Isiya, sai abokan aikinka a Sheme, sai Malam Dahiru malamin asibiti a Faskari. Kafin ya dawo hannunka bangon ya yi laushi, ya sha manja da gumi, shafukan baya sun cika da biro kala-kala.

Har yau ina dariya in na buɗe su. Malam Isiya ya rubuta da manyan baƙaƙensa masu karkata: "Labari ya yi daɗi, amma mi ya sa Hamza ya gudu don mutum uku kacal? Wannan ba jarumta ba ce. A gyara." Malam Dahiru kuwa bai taɓa yabo ba. Ya ce wanda aka harba a cinya ba ya hawa dutse, kuma ba a yi gubar da ke kashe mutum kafin ya ajiye kofi ba, in kana musu ka zo asibiti ya nuna maka. Garba bai iya karatu ba, fasinja yake sawa su karanta masa yana tuƙi. Nasa ra'ayin da baki ya kawo. Ya ce motar da ke gudu haka a kan hanyar burji, in ta sha kwana irin wadda ka rubuta, sai dai a kwashi mutane a rami, kuma shi a shirye yake ya koya wa Hamza tuƙi kyauta.

Inna ma ta faɗi nata. Ina karanta mata da hantsi tana ɓarar gyaɗa, sai ta tsayar da ni.

"Wanga yaro Hamza, ba shi da uwa ne? Littafi biyu ke nan ban ji ya ci tuwo ba, ban ji ya yi salla ba."

Da na gaya maka ka yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma a littafi na uku Hamza ya sauka gidan wata tsohuwa, ya yi azahar, ya ci tuwon dawa da miyar kuka. Inna ta ce yanzu aka yi magana.

Sai kuma nawa ra'ayin. Ban rubuta shi ba, da baki na faɗa, da ma ban faɗa ba. Ranar Asabar ce, kana tsugune a tsakar gida kana wanke babur. Ka tambaye ni yadda na ga na ukun, don a cikinsa ne Hamza ya fara shiga kufan. Ni kuma lokacin kaina na hayaƙi, sabuwar malama. Na ce, "Yaya, faɗan ya yi, gudun ma ya yi. Amma kufan nan naka bai ba ni tsoro ba. Kamar zanen da nake yi wa 'yan aji uku a allo yake. Duk wanda ya karanta ya san ba ka taɓa taka irin wurin ba."

Ba ka ɗago ba. Ka ci gaba da goge madubi da tsumma, ka daɗe kana gogewa. Can ka ce, "To, Malama, na ji."

Da aka yi hutun bazara ka ɗaure jaka a babur ka nufi Sabuwa. Wani abokin aikinka ya ba ka labarin wani tsohon manomi kuma maharbi, Baba Ɗanjuma, da ke wani ɗan ƙauye a bakin daji, wanda aka ce ya san wani kufai da ba a noma kusa da shi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen a nan ba, na riga na sha darasi. Kwana uku ka yi. Ka dawo da la'asar, fuskarka ta yi duhu da rana, da buhu a ɗaure a bayan babur.

A ɗakin Inna ka zauna ka ba mu labari. Ka ce Baba Ɗanjuma ya raka ka har bakin wata tsohuwar ganuwa da ta narke ta koma tudu, ya tsaya a nan ya ce shi iyakarsa ke nan, ubansa ma iyakarsa ke nan. Ya ce maka, "Ka duba da ido, kada ka duba da hannu." Ka shiga kai kaɗai da rana tsaka. Ka ce a waje kurciyoyi na kuka, kana taka ciki ka daina jin komi, har takunka ya zama kamar na wani ne ke bin ka. Ga tsingaro ko'ina, ga kashin maƙera tuli-tuli, ga duwatsu a jere sun yi da'ira. Amma abin da ya tsaya maka a rai shi ne ƙasar wurin. A share take tas, da sawun tsintsiya, kamar tsakar gidan mace mai tsabta da sassafe. Ga itatuwa na zubar da ganye, amma ba ko ɗaya a ƙasa. Da ka fito ka tambayi Baba Ɗanjuma wa ke sharar, ya ce haka kakansa ya iske wurin.

A ƙarƙashin wani falalen dutse ka ga rami, kawunan yumɓu jere a ciki. Ka ɗauki ɗaya ka sa cikin riga, tsohon bai sani ba.

Da ka kwance buhun, Inna ta ja da baya tana salati. Girmansa bai wuce ɗan madaidaicin tulu ba. Idanun rabi a rufe kamar mai gyangyaɗi, bakin a ɗan buɗe, gashin an yi masa tukkaye, kunnen hagu ya ɓalgace. Ba muni gare shi ba, Yaya, kai ma ka sani. Kama yake da dattijon da ya fara magana aka katse shi, yana jira a yi shiru ya ci gaba.

Inna ta ce, "Fitar mini da shi daga gida."

Ka ce, "Aro na yi, Inna. Ina gama rubutu zan mayar."

Aka daidaita a kan zai zauna a ɗakinka na kusa da zaure, a kan akwati, fuskarsa na duban bango. Mu uku muka san da shi, kai da ni da Inna. In kana Sheme makullin na hannuna, ni ke sharar ɗakin. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin ya motsa ba, ban taɓa jin wata murya ba. Abin da na sani shi ne kajin Inna da suka saba kutsawa ɗakin da zarar an buɗe, suka daina ko tsayawa a bakin ƙofar. Ni kuma na kama kaina ina yin sallama kafin in shiga, alhali na san ba kowa.

Cikin mako uku ka rubuta littafi na huɗu. Na karanta shi a ofishin malamai lokacin hutun ƙarfe tara, rana na haske, yara na ihu a fili. Ban kai rabi ba na tashi na fita na tsaya cikin yaran, don tsigar jikina ta ƙi kwanciya. Duk abin da ka gani ka zuba a ciki: rafin da ake ƙetarewa, hanyar da ake bi, ganuwar, sharar, ramin. Abu ɗaya ka sauya. Ka rubuta cewa Hamza ya leƙa ya ga kawuna bakwai.

Garba ya ɗauki littafin ya yi zagayensa. Da ya dawo muka zauna a zaure muna duba shafukan baya. Malam Isiya ya rubuta, "Na ajiye ɗinkin mutane saboda littafin nan. Ba faɗa a ciki, amma ban ji haushi ba." Malam Dahiru ya rubuta layi ɗaya tak: "Ban sami kuskure ba." Ka yi murmushi ka ce yau ka ci sarauta. Garba ya aiko cewa daga yanzu kada a ƙara karanta masa a mota, don a dajin da ke gaban 'Yargoje ya ji kamar kujerar bayansa ta yi nauyi.

Sai muka juya shafin ƙarshe. A can ƙasa, inda babu rubutun kowa, ga layi uku da ajami. Ba da biro aka yi su ba, da tawada ce da alƙalamin kara, rubutu mai kyau irin na tsofaffin malamai. Ka karanta a zuci. Na ga murmushin ya bar fuskarka, ka miƙo mini. Har yau na haddace su:

"Marubuci ya yi kuskure wuri ɗaya. Kawunan takwas ne. Na takwas ɗin yana ɗakinsa yana duban bango, kuma ya gaji da duban bango."

Ka fara da ni. Na rantse maka ban gaya wa kowa ba, Inna ma haka. Ka bi masu karatun ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka faɗi abin da ke ɗakinka ba. Malam Isiya ya ce da littafin ya bar shagonsa shafin fari ne. Malaman Sheme suka ce ba su gan shi ba. Malam Dahiru ya ce a durowar magani ya kulle shi kwana biyu, shi kaɗai ke da makulli, kuma bai lura da wani ajami ba. Garba ya dafa sitiyari ya ce littafin bai taɓa zuwa Sabuwa ba, motarsa ma ba ta bin hanyar. Baba Ɗanjuma kuwa, ka ce ko alif bai sani ba.

Ruwan farko ya sauka cikin makon. Ranar Asabar da ta biyo, wajen azahar, wata farar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu. Wani mutum ya fito cikin safari mai ruwan toka da baƙin tabarau, ya yi sallama ya ce yana neman mai littafi. Ka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ni na kawo ruwa, sai na laɓe a bayan ƙyaure. Ya karɓi kwanon da hannu biyu ya yi godiya, amma bai sha ba.

Ya ce daga wani ofis yake a birni, bai faɗi sunan ofis ɗin ba. Ya ce ya karanta na huɗun a Faskari, ya ji daɗinsa. Abin da ya fara damuna Hausarsa ce. Shigarsa ta ma'aikacin gwamnati, amma kalmominsa irin na kakanninmu ne, waɗanda tun muna yara muka daina ji. Na yi shekaru ina ƙoƙarin tuna fuskarsa. Ina ganin tabarau, ina ganin aljihun rigar, amma fuskar ta ƙi zama.

Ya ce, "Tambaya ɗaya gare ni, Malam. In an ƙetare rafin, dama ake yi ko hagu?"

Ka ce, "Hagu." Ni na san dama ne, don haka ka gaya mana.

Ya ce, "Haka ka rubuta?"

Ka ce, "Ai labari ne kawai, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Labari ne." Ya tashi ya sa takalmi ya tafi.

Motar na barin layi ka shigo kana share gumi. Ka ce ka ji labarin irin waɗannan mutane masu bin ƙauyuka suna kwashe kayan tarihi suna kaiwa ƙasashen waje. Ka ce, "Binta, na zauna na zana wa ɓarayi taswira da hannuna." Ka tattara littattafan duka, har na biyar da ka gama da na shida mai shafi biyu, ka ba ni ka ce in ɓoye. Ka ce gobe za ka mayar da kan, ka gaya wa Baba Ɗanjuma gaskiya, ka kuma faɗa masa su sa ido. Daga can kuma za ka wuce Sheme.

Lahadi da safe ka sha koko, ka naɗe kan cikin buhunsa ka ɗaure. Inna ta rataya maka goran fura a hannun babur. Ta rako ka har zaure, abin da ba ta saba yi ba, ta riƙe hannun rigarka ta ce a hankali, "In ka isa wurin ka yi sallama kafin ka shiga. Ko ba ka ga kowa ba."

Ka ce, "To, Inna." Ka buga babur. Na ga bayanka har ka sha kwanar masallaci.

Sai ranar Laraba Garba ya zo da saƙon hedimasta, yana tambayar ko lafiya ba ka koma aiki ba.

Washegari muka tafi da motar Garba, ni da Kawu Sani, ƙanen Inna. Kawu ya ce ba tafiyar mata ba ce, na ce ni kaɗai na san kwatancen. A Sabuwa aka haɗa mu da 'yan sanda biyu. Baba Ɗanjuma ya tarbe mu idanunsa jajur. Ya ce ka iso ranar Lahadi bayan azahar, ka durƙusa ka faɗa masa abin da ka yi. Bai yi maka faɗa ba, ya nuna maka hanya da sanda kawai. Ya jira har rana ta yi sanyi ba ka fito ba. Shi da mutanen ƙauyen sun kwana uku suna zagaya ganuwar suna kiran sunanka, amma ba wanda ya yarda ya taka ciki.

A bakin rafi muka ga sawun tayar mota a kan laka. Ya ƙetare ya yi dama, ya ɗan yi gaba, sai ya ƙare. Ba mu ga inda motar ta juya ba. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya ce ruwa ne ya wanke.

Babur ɗinka na tsaye a gindin wata tsamiya a wajen ganuwar, makulli a jiki. Buhun a ninke gida huɗu a kan kujera, ba komi ciki. Goran furar na rataye, ba a ko buɗe shi ba. A daidai inda ganuwar ta yi ƙofa, ga takalmanka a jere, kamar yadda kake ajiye su a ƙofar masallaci.

Na shiga, Yaya. Ni da 'yan sandan da Kawu. Duk abin da ka rubuta haka yake, ba ka ƙara ko ɗigo ba. Shirun ya toshe mini kunne. Ƙasar a jiƙe take, mu duk inda muka taka sai sawu ya fito, amma gabanmu ba sawun kowa, sai layukan tsintsiya sababbi a kan danshi. Muka leƙa ƙarƙashin dutsen. Takwas ne. Na gane namu da ɓalgataccen kunnensa, yana can gefe a mazauninsa, fuskarsa na duban waje. Ka cika alkawarinka. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ɗayan ya ce mu fita. Mako biyu maharba suka yi suna bin dajin da ramuka da kogunan dutse. Ba a sami ko zaren rigarka ba.

Masu karatunka ba su fasa halinsu ba, kowa ya kawo ra'ayinsa kamar dai sabon littafi ne ya fito. Malam Dahiru ya ce maciji ne ko tsohon ramin haƙar tama, babu wani abin mamaki a duniya sai wanda ba a bincika ba. Malaman Sheme suka ce mutumin farar mota ne ya ɗauke ka, don ka san abin da ba a so a sani. Wasu a gari suka ce ashe da ma kai ne ɗan leƙen asirin, labarin kanka kake rubutawa. Garba ya rantse ya hango ka bayan shekara biyu a wata tasha mai nisa, ya kira ka ba ka waiwayo ba. Malam Isiya kaɗai ne bai ce komi ba, shi da ya fi kowa baki. Lokacin na ɗauka baƙin ciki ne.

Inna ba ta yarda an yi zaman makoki ba. Abin da take so kawai, in na dawo makaranta ta ce, "Ɗauko littafin, karanta mini inda yaron nan ya sauka gidan tsohuwa." Na karanta mata wurin har takardar ta fara rabewa. Ba ta taɓa neman na huɗun ba.

Da ciwonta na ƙarshe ya yi tsanani na kasa riƙewa. Na gaya mata abin da na faɗa maka ranar da kake wanke babur, na ce ni na tura ka. Ta dube ni ta ce, "Ke kika aike shi, amma ba ke kika riƙe shi ba. Tashi ki ba ni ruwa."

Yanzu ga abin da ya sa na kasa barin biro ya huta. Kwana biyu kafin Malam Isiya ya cika, ya aiko a kira ni. Na iske shi ya rame, 'ya'yansa suka ba mu wuri. Ya ce shi ne ya kwatanta wa mutumin nan mai farar mota gidanmu. Kuma bayan ɓatanka da mako ɗaya, da rana tsaka yana kan keken ɗinki, ya ɗago ya gan shi tsaye a ƙofar shago, ba mota, ba ƙura a takalminsa. Mutumin ya ce, "Ka gaya wa mutanen gidan an karɓi saƙo. Labarin ya yi kyau, amma ya isa haka." Malam Isiya ya ce sai ya tambaye shi, "Shi Malam Lawal ɗin hwa?" Mutumin ya ce, "Wanda ya shigo da sallama ba a wulaƙanta shi."

Ya ce tsoro ne ya hana shi faɗa, kada 'yan sanda su ce da shi aka haɗa baki. Daga baya kuma kunya ta hana. Yaya, maganar sallamar nan a zaure aka yi ta, ba wanda ya ji sai mu uku. Na zauna a gefen gadonsa na yi kukan da ban yi ba ranar da muka ga takalmanka. Ba don tsoro ba. Don Inna ta tafi ba ta ji wannan magana ba, ita da ta fi kowa buƙatarta. Ya roƙe ni gafara, na yafe masa. Ban san ko mutum ya gani ko wani abu daban ba, ban kuma san ko tsufa ne ya gauraya masa tunani ba. Allah ne Masani. Na dai rubuta maka yadda na ji.

Dajin nan yanzu ba ya shiguwa, masu bindiga sun mamaye shi, ƙauyen Baba Ɗanjuma ma an ce ya tashi. Ni kuma na tsufa da hawa mota. Na yi aure shekara biyu bayanka, na haifi bakwai, biyar na raye. Babban sunanka gare shi, shi ma malamin makaranta ne, kuma shi ma ba ya son a gyara masa rubutu.

Ya Allah, in Yayana na raye, Ka ba shi lafiya da abinci da mai kula da shi, Ka juyo da zuciyarsa gida. In kuwa ya riga mu, Ka yafe masa, Ka yalwata makwancinsa a duk ƙasar da ta rufe shi, Ka haɗa shi da Inna da Baba a Aljanna. Ka jiƙan Malam Isiya da Malam Dahiru da Garba da Baba Ɗanjuma. Ka tsare mu daga abin da muke gani da wanda ba mu gani. Amin.

Abu ɗaya ya rage. In Allah Ya sa kana da sauran kwana kuma ka taso, kada ka nemi tsohon zauren, an rushe shi da aka faɗaɗa titi. Ƙofar gidan yanzu gabas take kallo, koren get ne, kusa da mai injin niƙa. Ka ce Hajiya Binta Malama kake nema. Idona ya yi rauni, ƙila ba zan gane ka nan take ba, amma ka yi magana kawai.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Binta